Baturen da Ya Zo Kallon Namun Daji

Ku ji abin da na gani yau a Zango! Ina fiɗar wani sa a kwata, sai ga wani Bature ya saita madubin hangen nesa yana kallon gidan Alhaji Mamudu, dillalin shanu. Jama'a ta taru. Alhaji ya fito da sanda, ya ce, "Matana yake leƙe?"

Direban Baturen, ɗan Asante, ya ce, "Papa, haƙuri! Hutu ya zo, kallon namun daji. Kwananmu uku a kurmi, ko biri bai gani ba."

Alhaji ya fizge madubin ya kai ido. Ungulu ce a kan kwanon ɗakinsa! Sai ya ce, "Shekara talatin ina jifan ta, ashe fuskarta ja ce."

Har la'asar Bature yana tsaye yana jiran madubinsa.