Ɗigon Ja a Kan Taswira

Tun da ƙanena ya hau motar masu neman zinariya ya yi arewa, Inna ta daina cin tuwo da daɗi. Wayarsa ta ɗauke, abokan tafiyarsa suka dawo, kowa da irin labarinsa.

Lokacin ina aiki a wani siber a Tanut, inda ake hayar ordinatar, wato kwamfuta. Ranar kasuwa sai ga Inna daga garinmu Gangara, ƙafafu duk ƙura. Wai maƙwabta sun ce akwai shafin da ke nuna mutanen da aka tsinta a sahara.

Na buɗe mata. Hoton taswira ne, da tambarin wata ƙungiyar agaji a sama, an zuba jajayen ɗigo birjik. Kowane ɗigo in ka danna zai kai ka wani shafi. Ni kuwa ɗabi'ata ce ba na danna hoto sai na ɗora 'yar kibiyar allo a kai na karanta adireshin da ke fitowa a ƙasan allo. Na ɗora a ɗigon farko. Sunan gidan shafin ba na ƙungiyar ba ne, wani tarkacen haruffa ne. Na biyu ma haka. Duk ɗigon nan gida ɗaya suke kai mutum. Kai, raina ya ɓaci! Ƴan damfara ne, marasa tsoron Allah, suna farautar iyaye irin Inna.

Inna ta riga ta ɗora yatsa kan wani ɗigo can sama da Agadas.

"Nan ne. Jikina ya ba ni yana nan. Buɗe mini."

Na ce, "Inna, tambarin na aro ne. Adireshin ƙasa ya nuna ba su ba ne. In na danna, ba shi za mu gani ba."

Ta daɗe tana kallon ƙananan haruffan da ba ta iya karantawa. Na so ta yi mini faɗa, ba ta yi ba.

"To kada ka danna," ta ce. "Fitar mini da hoton kawai."

Na buga mata a takarda, ta naɗe a bakin zane. Har ta rasu hoton yana manne a bangon ɗakinta. Da muka zo kwashe kayanta na duba, ɗigon nan ya goge sarai saboda yawan taɓawa.