Soket ɗin da na kashe a ɗakin binciken Tamandani

Ƙanwata Tamandani tun tana ƙarama ba ta barin abu sai ta ga cikinsa. Ni daga aji shida na koma sayar da gawayi a unguwar Ndirande, ita ta yi ta karatu har ta samu aiki a wani ɗakin bincike nan Blantyre. Duk wanda ya sayi gawayina sai ya ji labarinta.

Aikinta a kan sojojin jini ne, ƙananan ƙwayoyi masu yaƙar cuta. Ta ce in sun gama yaƙi, akwai wani sinadari a cikinsu, furotin, da ke ce musu su mutu, in ba haka ba sai su juya kan mai jikin. Wata takwas tana kiwon su a wani akwati mai ɗumi, tana so ta gane yadda furotin ɗin ke ba da umarnin.

Wata Juma'a na kai mata garin masara daga wurin Mama. Ta zaunar da ni, ta tafi sa hannu a takarda. Na ga kowa ya tashi, akwatin nan kuma yana ta cin wuta. A gidanmu ba a fita a bar soket a kunne, Mama duka take yi a kan haka. Na miƙa hannu bayan akwatin na kashe, har ina jin na yi abin kirki.

Ran Litinin ta kira ni.

"Yaya Limbani, ka taɓa wani abu ranar nan?"

"Soket kawai. Na rage muku cin wuta."

"Duk sun mutu, Yaya. Sanyi ya kashe su, ba furotin ba. Ban koyi komai ba."

Sati biyu ban iya ɗaga wayarta ba. Sai ga ta a rumfata, gawayi ya ɓata mata takalmi.

"Sarkin tattali, tashi. Zan fara daga farko, kuma jini nake nema. Ka cika takardar yarda, ka ba ni hannu."

Na ba ta hannun, wanda ya kashe soket ɗin, aka ɗebi jini. Bayan kwana uku ta nuna mini nawa sojojin a madubin ƙara girma, ƙanana birjik. Daɗi ya kama ni, amma hannayena suna cikin aljihu har na fita.