Gamban da Ke Iyakar Gonar Yaya Idi

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Idi. A farkon damina ya tafi, shi ya sa duk shekara idan ruwan shuka ya sauka nakan ɗaure hauya a bayan babur, in tashi daga Magarya in je ƙauyenmu da ke gaba da Dungas, in share ciyawar kabarinsa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni Musulmi ne shi Kirista. Na faɗi wannan tun da farko don kada mai karatu ya zaci wa'azi na zo yi. Labarin ɗan'uwana kawai zan bayar.

Cin rani ya kai shi Najeriya yana saurayi, ya dawo da sabon addini. Ban ji daɗi ba, kuma ban ɓoye masa ba. Mun yi musu har muka gaji, daga baya muka bar wa Allah. Mutanen gari kuwa ba su gaji da wuri ba. Aka ware masa ƙwaryar shan ruwa a bakin rijiya. Matarsa Hajara tana yin ƙuli-ƙulin da babu kamarsa a ranar kasuwa, aka daina saye. Idan ya kira gayya, sai ni da ɗan'uwan babanmu guda muke zuwa, furar da aka dama ta mutum ashirin ta tsaya tana kallonmu. Akwai masu kirki, kada in yi ƙarya. Limaminmu na lokacin ya sha faɗa a masallaci cewa maƙwabci yana da hakki ko wane addini yake bi. Ana cewa gaskiya ne malam, a fito a ci gaba da abin da aka saba.

Wanda ya fi kowa cutarsa shi ne Mati, maƙwabcinsa na gona. A wajenmu da gamba ake raba iyaka, ciyawar nan mai tsawo da ake saƙa zana da ita. Kowa ya san ba a taɓa gamban iyaka. Mati kuwa da zarar ƙasa ta jiƙa sai ya tono guntayen gamban da saiwarsu, ya matsar da su cikin gonar Yaya, ya dasa. Kafin a yi noman farko sun kama, sun yi kore kamar tun kakanni suke wurin. Ya san ko an je gaban maigari babu wanda zai tsaya ya yi wa Kirista shaida. Haka ya riƙa yi damina bayan damina, har iyaka ta tsallake wani babban gawo da babanmu ya rena tun yana tsiro. A inuwarsa muka ci tuwon gona muna yara, kuma Yaya ya sha cewa idan ya mutu a gindinsa yake so a sa shi. Wata rana muka wayi gari gawon ya koma na Mati.

Ni mai zafin kai ne, har yau ban warke ba. Na ce masa mu kai ƙara wurin sarki a Dungas, idan ba a yi ba mu je jandarma, ni zan yi shaida, in ga wanda zai ce rantsuwata ba ta karɓu ba. Ya ƙi. Ya je ya sami Mati ido da ido ya ce masa abin da kake yi zalunci ne, kuma Allah yana gani. Daga nan bai ƙara ba. Na ce wannan ai tsoro ne aka yi wa rawani. Ya yi dariya ya ce in sha fura in huce.

Sai wata damina kurkunu ya kama Mati a ƙafa biyu. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah ya raba mu da shi. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta fito ta ƙafa, ta kwantar da ƙato daidai lokacin noma. 'Ya'yan Mati ƙanana ne a lokacin, kowa kuma yana fama da tasa gonar. Ciyawa ta taso ta shaƙe masa hatsi. Ni dai na ce alhaki ne, har na ji sanyi a raina.

Wata rana da hantsi na je gona na tarar da Yaya ya tsallaka gamba yana noma a gindin gawo.

Na ce, "Yaya, lafiyarka ƙalau kuwa? Gonarka ce fa kake nome wa wanda ya ƙwace ta."

Bai ɗago ba ya ce, "To ka ga ai na san ƙasar, ba za ta ba ni wuya ba."

Na ce ya bar wasa. Sai ya miƙe ya share gumi. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Sani, kana tsammani ba ya mini zafi? Kullum ina sa shi a addu'a, wata rana sunan a maƙogwaro yake tsaya mini. Amma Almasihu ya umarce mu mu ƙaunaci wanda ya ƙi mu, bai ce mu jira sai ya gyara hali ba. Idan hatsin nan ya mutu yaransa ne za su kwana da yunwa, su me suka yi mini?"

Ban taya shi ba, na juya na tafi ina mita. Shi kaɗai da Hajara suka nome gonar kaf, suka yi maimai. Da kaka Mati ya cika rumbu. Idan kana jiran in ce ya zo yana kuka yana neman gafara, to ba ka san Mati ba. Ko sannu bai aiko ba. Gamban dai bai sake matsawa ba, amma bai koma inda yake ba. Haka suka tsufa, gaisuwa sama-sama, gawon yana hannun Mati.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Na san zai yi dariyar ruwan leda, yadda kowa ke cizon nasa, an rasa wanda za a ware wa ƙwarya. Zai ji daɗin ganin jikokinsa a lakwal, wato makarantar boko, benci ɗaya da jikokin waɗanda suka ƙi cin ƙuli-ƙulin kakarsu. Abin da zai dame shi shi ne salula. Dā mai zaginka maƙwabcinka ne, ka san gidansa, ka san ranar da ya kwanta ciwo. Yanzu wani yana can inda ba ka taɓa zuwa ba, ya zagi addinin wani, kafin la'asar samarinmu sun ɗauki zafi, na wannan ɓangare da na wancan. Ɗansa Yusufa ya taɓa nuna mini irin wannan saƙon, yana so ya rama. Na ce masa da ubanka yana nan, tambayarka zai yi ina gonar mutumin take. Sai ya mayar da salular aljihu.

Ranar da Yaya ya rasu an kwana ana ruwa. Fasto ya zo daga Magarya a kan kabu-kabu, wandonsa duk taɓo. Maƙabartar gari ta Musulmi ce, wannan babu wanda ya yi gardama a kai. Muka yanke shawarar haƙa a wani lungu na abin da ya rage na gonarsa. Hajara ta kalli gawon daga nesa ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi maganar, don babu mai son roƙon Mati a rana irin wannan.

Mun fara haƙa ke nan sai ga shi tafe, ya tsufa yana dogara sanda, 'ya'yansa uku a bayansa da hauyoyi. Gabana ya faɗi, na ce yau kuma da gawa za a yi rigimar iyaka. Na tare shi. Ko kallona bai yi ba. Ya wuce wurin gamban ya ce wa yaransa su tono. Muna tsaye suka riƙa cirewa da saiwa, suna tsallaka gawo da shi, suna dasawa. Bai tambayi kowa ina tsohuwar iyakar take ba, ya san wurin sarai. Da suka gama ya juyo ya ce, "Sani, ku zo ku haƙa a nan. A gonarsa za a sa shi." Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Yaya bai bar dukiya ba, bai gina majami'a ba, kuma ban ce ya sauya addinin kowa ba. Ni da na fi kowa kusa da shi ina nan a kan sallata, Mati ma a kan tasa ya mutu bara. Yaya kuma bai ga gawonsa ya dawo da idonsa ba, wannan yana ci mini rai har gobe. Amma Yusufa yana noma gonar nan cikin kwanciyar hankali, idan ya kira gayya fura ba ta isa.

Bana da na je, na tarar an riga an share kabarin tas. Babban ɗan Mati yana noma a tsallaken gamba, na tambaye shi ko Yusufa ne ya yi. Ya ce a'a, su ne. Tsohonsu ya bar musu wasiyya cewa duk shekara kada hauyarsu ta taɓa gonarsu sai sun fara nome gindin gawon nan. Na mayar da hauyata na ɗaure a bayan babur, ban sa ta a ƙasa ba.