Makullin Direba

A ɗakin wankin ƙoda, gadonsa yana kusa da na matata. Ban san sunansa ba, ma'aikatan jinya dai Direba suke ce masa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, amma riga ta fara yi masa yawa. Hannunsa na hagu a miƙe yake, jininsa yana bin roba zuwa inji yana dawowa. Da na dama yake juya wani tsohon makullin mota. Ina jin motar tana hannun wani yanzu.

Mutumin da ya saba ƙetare garuruwa kafin azahar, ga shi awa huɗu ba halin juyi, sau uku a mako. Makon jiya sau biyu gadon ba kowa. Na ji likita yana cewa jikinsa ba zai ɗauki wani fashin ba.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da in ta zo duba inji takan ce, "Direba, mun kai ina?" Shi kuma ya ce an wuce gada, ko an tsaya shan mai.

Yau ta tambaya, ya daɗe yana kallon silin.

"Mota ta lalace, 'yata. Ki sauka."

Ba ta ce ya yi haƙuri ba. Kujera ta jawo ta zauna.

"Kayana suna ciki, Baba. Ba inda za ni."

Da aka zare masa allura, sai ya miƙa mata makullin.

"Ajiye min. Ran Alhamis zan karɓa."