Turbar da Hedley Trembath Ya Ƙwato

Ƙanena Hedley Trembath bai taɓa haƙo zinariya ko ƙwaya ɗaya ba, alhali dominta muka baro garinmu Moonta muka tsallako yamma. Babanmu a ramin haƙar ma'adinai ya ƙare rayuwarsa, kakanmu ma haka, shi kuwa Hedley tun yana ƙarami in aka rufe shi a ɗaki numfashinsa sarƙewa yake yi. Da muka sauka Pennock, can gaba da Coolgardie, ni na kafa rumfar abinci a bakin gari, shi kuma ya je ya sayar da agogon Baba ya sayo keke. Na yi masifa har muryata ta dishe. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Yaya Kezia, in kin huce zo ki matsa tayar nan ki ji. Iska ce fa a ciki!"

Saƙo ya riƙa kaiwa tsakanin Pennock da mahaƙar Lady Maud, kuma aikin ya karɓe shi. A garin da sai an dafa ruwan gishiri an tare tururinsa kafin a samu na sha, doki wahala ne, keke kuwa ba ya neman ruwa. Hedley kan fita da sassafe ya isa Lady Maud kafin rana ta faɗi, ya kwana, ya juyo. Tsakanin garuruwan biyu babu rijiya, babu inuwar kirki, sai jan rairayi da ƙananan itatuwa. Salkar tamfol ɗaya yake ratayawa a jikin keken. Salka ɗaya tana isar mai keke yini guda, amma wanda ya koma tafiya a ƙasa cikin zafin Janairu, wanda a wannan ƙasa shi ne tsakiyar bazara, ba ta kai shi rabin hanya. Kowa a Pennock ya san wannan, ni kuwa na fi kowa sani, don ni nake cika ta.

Abin da yake kai shi ya dawo da shi turbar raƙuma ce. Ayarin mutanen Afghan kan bi layi ɗaya, kowane raƙumi ya sa ƙafa inda na gabansa ya ɗauke, tafinsu mai faɗi da laushi yana danne rairayi da tsakuwa. A hankali sai ga siririyar hanya, faɗinta bai wuce faranti ba, sumul kamar daɓen ɗaki. Masu keke suka same ta a ɓagas suka haye. Hedley yakan ce in yana kanta har idonsa yake lumshewa yana waƙar coci.

Mutum ne siriri mai jajayen kunnuwa, ga ci kamar gara, ba ya ƙiba. Keken yake shigarwa tanti ya bar takalmansa a waje. Tsummana na goge tukwane da shi yake goge sarƙa, kitsena na tuya da shi yake shafa mata. Akwai wata yarinya mai aiki a gidan waya da ta so shi sosai, ya kai ta yawo ranar Lahadi ya yini yana koya mata yadda ake faci. Ba ta sake kallonsa ba, shi kuma har ya mutu bai gane laifinsa ba.

Rigima ta taso ne da masu amalanken dawaki suka gane turbar ta fi ko'ina tauri. Sai su ɗora ƙafar amalanke ɗaya a kanta, ƙarfen ya yanka ta, kofato ya ƙarasa. Wani abokin aikin Hedley, Alf Rosewarne, ya faɗa irin wannan kwari da gudu ya karya ƙashin kafaɗa. A ranar Hedley ya tara masu keke a rumfata suka kafa Ƙungiyar Kare Turba. Suka yi ta zama, suna cinye min burodi, suna buga tebur, suna aika kuka wurin alƙalin filin zinariya. Alƙali ya ce shi ba zai yi doka a kan hanya ba sai gari ya zo masa da baki ɗaya.

Nan ne Con Meagher ya shigo. Shi ne babban masu amalanke, ƙato mai murya, kuma raƙuma sun daɗe suna ƙwace masa dako. Ya zo taro ya zauna a kan benci har ya yi ƙara, ya ce, "Ku 'yan iska a taya, ku saurara. Mu mun yarda mu bar muku 'yar hanyarku. Amma in doki ba zai taka ba, raƙumi ma ba zai taka ba. Ko kowa, ko babu."

Sai aka ɗau tafi. Gaskiya masu keke ba sa son raƙuman: in ka gamu da ayari dole ka sauka ka shiga ƙaya, ga wari, ga cizo. Ina juya miya na ce, "Hedley, to wa ya yi turbar tun farko?"

"An riga an yi ta, Yaya," in ji shi. "Hanya in ta yi, ta yi. Tayoyinmu za su riƙe ta. Ke dai ji da tukunyarki."

Aka yi dariya. Na ji kamar in kwaɗa masa ludayi.

Doka ta fito, aka kafa allo a bakin turba, daidai ƙofar rumfata: keke kaɗai. Hedley da hannunsa ya shafa masa fenti. Washegari Nazar Gul ya iso da ayarinsa. Shi ne madugunsu, dogo mai rawani, ya saba sayen gari da ganyen shayi a wurina. Ya tsaya aka karanta masa allon, ya dubi Hedley daga sama har ƙasa.

"Kai da ka sha shayina a hanya?" ya ce.

"Doka ce, Nazar, ba ni ba ne."

"Fentin yana hannunka."

Ya tofar da yawu a gindin allon, ya juya raƙumansa suka bi ta gefen tafkin gishiri, hanya mai nisa. Ba a daɗe ba yawancinsu suka koma dako wasu garuruwan. Da can ƙararrawar wuyan raƙuma ce take tashe ni da safe, to daga lokacin sai safiya ta zama shiru, kuma shirun bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Hedley bai mori nasararsa ba. Zazzaɓin taifot da ke kwasar mutane a garin ya kwantar da shi wata da watanni, na yi jinya har na fid da rai. Alf ne ya riƙe aikin. Na lura dawowarsa tana ƙara yamma, tana ƙara yamma, leɓensa a tsage, kullum yana neman aron sholisho da faci. 'Yan ƙungiya kuwa duk Lahadi bayan coci sai su fito da tsintsiya su share turbar, su yayyafa ruwan wanki su daddaɓe, daga allo har jan tudun da ido ke iya hangowa. In ka tsaya a ƙofata sai ka ce ba a taɓa yin hanya mai kyanta ba.

Wata rana Alf ya ajiye jakar saƙo a teburina ya ce ya bar aikin. "Kezia, bayan jan tudu babu turba. Iska ta kwaso rairayi ta rufe ta, ɗan ruwan da aka yi kuma ya fito da tsidau ko'ina, babu mai taka shi. Jiya rabin hanya tura keken na yi, kuma sanyi-sanyi ne. Zafi na shigowa wani zai mutu a can."

Na gaya wa Hedley kalma da kalma. Ya lallaɓa ya fito ƙofa yana dafa bango, ya daɗe yana kallon turbar tana sheƙi. Ya ce, "Alf tun da ya karye tsoro ya shige shi. Dube ta mana, Yaya."

"Iyakar inda tsintsiya ta kai kake gani, sakarai!"

Ya juya ya koma ciki. Amma tun daga ranar ya rage waƙa.

Da ya fara murmurewa, Janairu ta shigo da zafin da tsuntsu ke faɗowa daga reshe. Saƙon Lady Maud ya koma hannun masu amalanke, ta doguwar hanya. Con Meagher ya riƙa zuwa cin abinci don kawai ya tsokane shi. "Ranka ya daɗe, sarkin turba! Ina labarin masarauta? An ce ka ƙwato ta, ka kuma binne ta da hannunka. Kai, Allah ya saka, ka raba mu da raƙuma, ka raba mu da kanka!" Kunnuwan Hedley suka yi jajir. Na ce Con ya kwashi ƙaton cikinsa ya bar min rumfa, amma magana ta riga ta shiga.

Ranar Litinin da sassafe na tarar da shi yana buga famfo. Wandonsa har zamewa yake yi saboda rama.

"Ina zuwa?"

"Lady Maud. Gobe da yamma ki ajiye min tuwon dankali da nama. In na je na dawo kowa zai kama bakinsa."

Na yi zagi, na yi roƙo, na ambaci Mama a kabarinta. Da na ga babu sauƙi sai na cika salka ta biyu na ɗaura masa da kaina. Ya ce, "Haba Yaya, in aka gan ni da biyu ai na yarda turba ta mutu ke nan."

"A gan ka da goma ma! Kai dai ka dawo."

Ya yi murmushi ya bar ta a jikin keken, ya buga min ƙararrawa ya hau. Na shiga ciki na ɗora ruwan shayi. Da na fito zubar da toka, sai na ga salkar rataye a jikin allon, tana ɗiga a hankali. Shi kuwa har ya kusa jan tudu, ya zama ɗan ɗigo. Na ƙwala masa kira har maƙogwarona ya yi zafi. Bai waiwayo ba.

Na bar salkar a nan, kullum safe ina ƙara mata ruwa, don in ya dawo ya fara cin karo da ita. Yammar Talata abincinsa ya huce a kwano. Wata iska mai zafi ta taso daga arewa, rairayi har cikin miya. Washegari Con Meagher, fuskarsa a murtuke babu tsokana, ya ɗaura sirdi shi da mutum biyu suka bi sawu. Kafin la'asar suka dawo suna jan dawakan, sun shanye ruwansu sun ƙi gaba. Con ya tsaya a ƙofata yana murza hula, ya kasa haɗa ido da ni.

Na yafa mayafi na taka har bakin tafkin gishiri, inda Nazar Gul ya yi zango. Yana ɗinkin sirdi, bai tashi ba.

"Uwar ɗaki, allonku ya ce ban da mu."

"Ƙanena ne, Nazar. Salka ɗaya ya tafi da ita."

Ya ajiye allurar. "Yaushe?"

"Shekaranjiya."

Ya dubi rana, ya dubi ƙasa. Fuskarsa ta gaya min komai, amma ya miƙe ya kira mutanensa. Raƙuma uku suka wuce ta gindin allon gari yana kallo, babu wanda ya buɗe baki ya ambaci doka.

Ranar Asabar da hantsi na ji ƙararrawa. Na fito da gudu, mutane suka biyo ni. Raƙumi na farko Nazar ne a kai, na biyu keken ne a ɗaure. An cusa wa tayoyin busasshiyar ciyawa, tsidau ya lulluɓe su, akwatin facin a buɗe babu ko ɗaya. Na uku yana ɗauke da wani abu dogo a naɗe cikin bargo. Nazar ya ce Hedley ya wuce rabin hanya, sawun ya nuna ya daɗe yana turawa, kuma ko a ƙarshe bai yar da keken ba, hannunsa na kan sirdin keken suka same shi.

Alf Rosewarne yana gefena, na ga ba bargon yake kallo ba. Na bi idonsa. A bayan raƙuman, tun daga jan tudu har ƙafafunmu, sawunsu ya danne ƙasa, tafi a kan tafi, siririn layi mai santsi. Alf ya rufe fuska da hula ya fashe da kuka.

Suka durƙusar da raƙumin suka kwantar da Hedley a gindin allonsa. Na buɗe bargon. Leɓensa ya yi baƙi ya tsage, rairayi ya cika gashin girarsa, kunnuwan nan da nake ja tun yana yaro sun yi fari. Na miƙa hannu na sauke salkar, a cike take, ruwan da sanyinsa. Na durƙusa na ɗora kansa a cinyata, na wanke masa fuska da ruwan da ya ƙi ɗauka.