Baba Sai-Gobe da Tayar Gaba

Ina tsugune ina wanke-wanke ranar da ya yi sallama a ƙofar gidanmu, shi da bai taɓa barin rumfarsa da rana tsaka ba. Na leƙo na gan shi tsaye, hannuwansa baƙi ƙirin da dattin taya, yana ta goga su a jikin riga. Kullum idan ya gan ni sai ya ce, "Amaryarmu ba ta tsufa," ni da furfurata. Ran nan bai ce ba. Da na ji shiru, na san an yi.

Tayar gaba ce ta fashe wa maigidana a kan gangara, yana dawowa daga kai fasinja. Ƙusa ta shiga, tiyub ya tsage, iska ta fita lokaci guda, babur ya watsar da shi. Ko asibiti bai kai ba. Allah ya jiƙansa. Abokinsa mai faci, wanda masu babur ke kira Baba Sai-Gobe, shi ya hana kowa ya riga shi zuwa wurina.

A kan wannan bawan Allah nake rubutu. Karatuna bai yi nisa ba, abin da na riƙe a kai nake faɗa. Na ji zai bar rumfa saboda hannunsa ya fara rawa, zai koma wurin 'yarsa ya huta. Sai na ce ba zan jira sai ba ya nan kafin in yabe shi ba.

Rumfarsa tana bakin titi, kusa da inda masu babur ke jiran fasinja. Rufin kwano, benci ɗaya, injin iska mai yin tari kafin ya tashi, da rabin durom cike da ruwa. Da sassafe, kafin ya taɓa taya, sai ya ɗauko mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ɗaura masa igiya, ya bi gefen titi yana ja yana tsince ƙusoshi. Masu babur suna masa ihu, "Baba, mai faci yana kwashe ƙusa? To me za ka ci?" Ya ce, "Ku dai ku dawo gida lafiya, ku ne abincina."

Yawancin baburan nan ƙafarsu mai sifok ce, wayoyin ƙarfen nan da ke riƙe da wili. Kowace waya ta huda rim, shi ya sa iska ba ta zama a ciki sai da tiyub. Tiyub kuwa, idan ƙusa ta same shi, ba ya gargaɗi. Baba da tsufansa ya koyi toshe ramukan nan domin a sa taya marar tiyub, wadda suke ce wa tubles. Zai fara miƙar da wilin har ya daina layi, domin bayan an toshe ba a son a sake murɗa sifok. Ya goge cikin rim da samfefa, ya wanke, ya bar shi ya bushe ƙarau. Sannan ya bi kan kowane sifok da gam, ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa da ɗan yatsa. Ya naɗe da salatif mai kauri, ya sa bawul, ya rataye wilin a jikin rumfa ya ce, "Sai gobe."

A nan ake rigima. Gam ɗin yana son ya kwana, mai babur kuwa yana son ya fita nema. Ka yi magiya, ka yi fushi, ka ambaci matarka da 'ya'yanka, amsar ɗaya ce. Abin da zai yi maka kawai shi ne ya ba ka aron tsohon kekensa ka tafi gida. Idan aka ga ƙaton mutum yana haki a kan keken nan marar madogara, kowa ya san ƙafar babur ɗinsa tana rataye. Kuma ba kowane rim yake karɓa ba. Ya duba bakinsa, idan ya ga ba zai riƙe tubles ba sai ya ce, "Wannan tiyub ɗinsa za a mayar masa," ko da za ka yi wata ba ka gaishe shi ba.

Akwai wani da suke kira Dogo, wanda ya fi kowa zagin keken. Shi ne ya ɗauki maƙwabciyarsa tana naƙuda, ya kai ta asibiti a kan hanya duk duwatsu. Sai da ya sauke ta ya ga ƙusa zaune daram a tayar gaba da Baba ya yi wa aikin nan, iska kuwa da saura. Da bakinsa ya ba ni labari, ya ce tun daga ranar ko maƙwabcin keken bai sake zagi ba.

Maigidana ma Baba ya sha binsa a kan ya kawo babur ɗinsa a yi masa tubles. Shi kuwa ba ya iya ajiye babur ko na yini. Yana dariya ya ce, "Kai Sai-Gobe ne, ni kuma sai jibi." Haka suka yi ta yi har ranar.

Bayan rasuwar aka dawo da babur, na sa aka jingine shi bayan ɗakin girki, na rufe da tsohon bargo, na ɓoye makulli a ƙasan akwatina. Autana, wanda shi kaɗai ya rage mini a gida, ga mata ga jaririya ga rashin aiki, ya zo ya durƙusa.

"Inna, ki ba ni makullin."

"Muddin ina numfashi, ba ka hawa abin da ya ci ubanka."

"To Inna, mu ci bargon?"

Ban kula shi ba. Ya roƙa ya gaji. Daga baya ya haɗa jaka, ya ce zai bi wasu zuwa haƙar ma'adinai can nesa, inda waɗanda suka tafi ba mu ƙara jin ɗuriyar wasunsu ba. Motarsu da safe za ta tashi. Na hana shi babur don kada in rasa shi, ga shi zan rasa shi ta wata hanyar.

Surukata ce ta je ta gaya wa Baba. Ya zo da sifana a aljihu, bai nemi makulli ba. Ya ce, "Amaryarmu, ƙafafun kawai nake so aro." Ya kwance su, ya sa Auta ya ɗauka. Rim ɗin gaba ya lanƙwashe, ya jefar, ya ciro wani da ya daɗe yana ajiye wa abokinsa. Auta ya yini yana kallon aiki, da yamma ya ce, "Baba, a haɗa mana, ni fa da safe zan tafi."

"Sai gobe."

"Baba, mota..."

"Motoci ba su ƙare ba. Ga keke, ka dawo mini da shi da hantsi, ka zo da uwarka."

Auta ba ya iya tafiya da kayan mutane a hannunsa, Baba ya san haka sarai. Motar ta tashi ba shi.

Da muka je, ya sa tayar, ya ba ta iska, ya tsoma cikin durom yana juyawa a hankali. Ko kumfa ɗaya. Ya jawo wata tsohuwar ƙafa mai tiyub, ya miƙo mini guduma da ƙusa. "Buga." Na buga. Fuuu, kafin in ɗaga kai ta kwanta. A lokacin na ga abin da ya faru a gangara. Ya bar ni na share hawaye, sannan ya turo sabuwar. "Buga wannan ma." Na buga da duk baƙin cikin da ke raina. Shiru. Na danna, tana nan da ƙarfinta. Ya ɗiga ruwan sabulu a gindin ƙusar, sai ga 'yar kumfa tana tasowa a hankali.

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, ni ba na hana mutuwa. Abin da na iya shi ne in hana iska gudu lokaci guda, mutum ya samu ya tsaya. Amma aikin hannu ne, wata rana wani sifok zai iya fara tsiyaya. Sai ana dubawa kowace safiya. Wannan ɗan naki zai manta. Ke ce ba za ki manta ba."

Ya zare ƙusar, ya toshe wurin. Da muka koma gida na buɗe akwati.

Baba, kai ne ka kawo mini mafi munin labari da bakinka, don kada in ji shi a bakin wanda bai san shi ba. Kai ne ka riƙe mini ɗa da keke marar madogara. Mai haƙurin gam, wanda ba a yi wa gaggawa! An zage ka a kan kwana ɗaya, ka shanye, mutane suna ta komawa gidajensu ba su ma san dalili ba. Na gode. Jikata ta gode, ko da ba ta san komai ba tukuna, ita dai ubanta yana dawowa da yamma. Allah ya ba hannunka sauƙi, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku masu aikin hannu, idan abu bai bushe ba ku ce bai bushe ba. Ku kuma masu babur, idan an ce muku sai gobe, ku karɓi keken.

Har yau makullin a wurina yake kwana. Da safe nakan rage ruwan sabulu daga wanke-wanke a ɗan kofi, in tsuguna gaban tayar gaba, in danna ta da babban yatsa, in bi gindin sifok ina ɗigawa. Auta yana tsaye yana ƙunƙuni, "Inna, fasinja za su ƙare." In ce masa ba su ƙare ba. Sai na ga babu kumfa nake miƙa masa makulli.