Irin da Iya Talle Ta Rataye a Hayaƙi

Ni tun ina yaro cikina ya girme ni. A ƙauyenmu na ƙasar Kwaya, in na zauna gaban akushi kaji kan yi ƙaura, don sun san ko ɓarɓashi ba zai faɗi ba. Kakata Iya Talle ce kaɗai ta iya da ni. Lokacin sanyi, da an sallame isha'i, takan hura wuta da karan dawa a ɗakin girkinta, mu jikoki mu kewaye ta. Bisa kanmu akwai zangarniyoyin gero a rataye, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. Iri ne. Tun a gona take zaɓensu kafin a ɗaure dami, hayaƙin kuma ya hana ƙwari taɓawa.

Nakan ce, "Iya, a sussuke ɗaya a yi mana gumba mana."

"Ji mijin banza, mai cinye gida. Zauna. Ga ta nan ta taho bisa jaki."

"Ta sauka mu ji ta."

Wai an yi wani gari da wata ƙatuwar tsuntsuwa ke sauko musu da tuwo kowace yamma, har da miya. Mutane suka yi ƙiba har ƙofofi suka yi musu kaɗan. Hauyoyi suka yi tsatsa, aka dama iri aka shanye. Wata tsohuwa ce kawai ta bar zangarniya uku a hayaƙi, ana yi mata dariya. Rannan tsuntsuwa ta yi gabas, don can ma akwai masu yunwa. Da ruwa ya sauka, gari ya taru a ƙofar tsohuwa. Ta ce, "Wanda ya share gonarsa, in zuba masa a tafi. Wanda ya zo da ƙwarya, ya koma."

Na ce, "Iya, miyar mece ce?" Ta jefe ni da kara.

Shekarun baya, bayan na girma, mutanen wani furoje na taimakon manoma suka zo garinmu. Na sa babbar riga, na haddace buƙatuna tun daga shinkafa har man gyaɗa. Sai shugabarsu ta ce, "Me kuke da shi da za mu ɗora a kai?" Bakina ya suɓuce na ce, "Irin kakanni, da hayaƙi." Aka bushe da dariya. Ita kuwa ta ce a nuna mata.

Ƙarshenta mu muka buga tubali, su suka kawo kwano da ƙyaure, aka gina ɗakin ajiyar iri, kowane gida ya zuba zaɓaɓɓen irinsa. Aka danƙa mini makulli. Mutane suka ce an ba kura ajiyar nama.

Da bazara ta yi tsanani, ƙanena Sale ya zo da ƙwarya. "Yaya, yara sun kwana biyu a kan ganyen tafasa. Buɗe mini ko tiya ɗaya."

Na san in na buɗe masa, kafin azahar gari ya shanye damina mai zuwa. Na kai shi rumbuna na raba abin da ya rage biyu, na ce, "Wancan ɗakin kuwa, je ka share gonarka." A wannan bazarar na rame har wandona ya nemi wani ubangida.

Furojen ya tashi tuni, ban kuma ji haushinsa ba, don can ma akwai masu yunwa. Bana da irinmu muka yi shuka, geron Sale sai da tsani ake yankansa. Sai yanzu na gane Iya ba tsuntsuwar take zargi ba, masu shanye irin take nufi. Miyar ce dai har ta rasu ba ta faɗa mini ba.